Tukunya cikin tukunya: yadda na sayi sanyi da ruwa a bazara

Alayyahu ba ya kwana a bazara. Duk mai lambu a fadamun ƙasar Kiyawa ya san haka: ka yanko shi da hantsi shar da shi, kafin la'asar ya yi laushi, gari na wayewa sai dai a zuba wa awaki. Tumatir ya ɗan fi shi haƙuri, amma shi ma idan Afrilu ya kama, kwana biyu uku ne ya fara zubar da ruwa. Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, ina da ɗan lambun da nake taɓawa bayan an tashi, don albashi shi kaɗai ba ya kai wata. Wutar lantarki kuwa, turakun suna nan tsaye a bakin hanya, wayar ce dai ba ta ɗauke da komai. Saboda haka maganar firji ba ta ma taso ba.

Dabarar da na bi ba tawa ba ce, ba kuma daga nesa ta zo ba. Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Dutse, shi ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhu. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000 a kanta, a 2001 mujallar Time ta Amurka ta saka ta cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekara, daga baya ta kai har Darfur a Sudan. Tsakaninmu da Dutse ba wata tafiya ba ce a babur, amma a garinmu ban taɓa shiga gidan da na tarar da ita ba. Ina koyar da ƙafewar ruwa a allo kowace shekara, na ga ya kamata in taɓa abin da hannuna.

Wajen ƙarshen hunturu na je wurin wani dattijo maginin tukwane a ƙauyen da ke gabas da mu. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, tukwane biyu nake so a gina mini, ɗaya ta shige cikin ɗaya, a bar tazarar yatsu uku ko huɗu a tsakaninsu.”

“Me za a dafa, Malam?”

“Ba dahuwa ba ce, Baba. Sanyi nake nema.”

“To ai sai ka ɗauki randa, ga su can jere.”

Na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya yi shiru yana kallo, can ya ce, “Wato babbar ta yi gumi, ƙaramar kuma kada ta yi.” Ya gane abin cikin jimla ɗaya, ni kuwa nakan cinye darasi guda ina zagaye kafin yara su kama.

Yumɓun daga bakin wani tafki yake haƙo shi, ya jiƙa ya kwana, ya tattake da ƙafa har ya yi danƙo. Na babbar tukunya ya zuba masa ƙaiƙayin gero da yawa da dakakken tsingaro. Ƙaiƙayin nan idan an shiga wuta ƙonewa yake yi, ya bar ƙananan ƙofofi a jikin tukunya waɗanda ido ba ya gani, ta nan ruwa zai riƙa tsattsafowa. Ƙaramar kuwa da lallausan yumɓu ya gina ta, da ta sha iska ya ɗauko wani dutse mai sulɓi ya yi ta gogar bayanta har ta yi sheƙi, ƙofofin suka toshe gwargwado. Wannan ne dalilin da ya sa tangaran da bokitin roba ba sa sanyaya ruwa komai kyansu: ba su da inda ruwa zai fita.

Ni na matsu, shi bai matsu ba. A inuwa ya fara shanya su, ya ce rana tsaga ɗanyar tukunya take yi, don baya kan bushe ya tsuke alhali ciki na nan da danshi. Sai da suka yi fari-fari sannan ya fito da su rana. Ranar gashi na je. An jera tukwanensa da na yaransa a wani faffaɗan rami mara zurfi, aka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu da ciyawa, aka cinna wuta da yamma. Wuta na gama kamawa sai muka ji fas daga can gefe. Baba ko juyawa bai yi ba, ya ce, “Ta yaron nan ce, na faɗa masa ba ta bushe ba.” Ruwan da ya maƙale a cikin yumɓu ne ya tafasa. Ruwa idan ya zama tururi girmansa kan ninka kusan sau 1,700, to ina zai bi a cikin bangon tukunya? Sai ya fasa ya fice. Akwai kuma wani ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayar yumɓun kanta, wanda ba ya fita sai zafi ya kai tsakanin digiri 450 da 600 a ma'aunin Selshiyas. Idan wannan ya fita, yumɓu ya yi sallama da zama laka. Ɗanyar tukunya ka jefa ta a ruwa ta narke, amma tsingaron gasasshiya sai manoma su yi ta tono shi a kufai bayan an manta sunan masu garin.

Washegari ya zaƙulo nawa daga toka, ya ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa yana saurare, ya ce lafiyarsu ƙalau. A amalanke aka kawo mini su cikin ciyawa.

Haɗawa ba ta da wuya, yashin ne ke son kula. Na rafi ake so, ba turɓaya ba, ba kuma tsakuwa ba. Na sa yara suka tankaɗe shi da rariya, muka wanke shi har ruwan ya daina fita ja, don laka toshe ƙofofin tukunya take yi. Na fara zuba yashi a gindin babbar, na ɗora ƙaramar, ina ƙarawa ina ragewa har bakinsu ya zo daidai, sannan na cika zagayen ina dannawa da sanda. Muka ɗora ta a kan duwatsu uku a ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa daga zaure, don gindin ma ya samu iska. A ɗaki rufe ba ta aiki, a rana kuma wahalar banza ce.

Baba ya riga ya ja mini kunne kada in kwarara ruwa gaba ɗaya, ya ce ƙaramar tasowa za ta yi. Kafin mu saka ta na nuna wa yaran gida abin da yake nufi a cikin baho: tukunyar da ƙaramin yaro ba ya iya ɗagawa, ga ta tana yawo a kan ruwa, ka danna ta ƙasa ka ji tana ture hannunka. Ruwa yana tura duk abin da aka nutsa a cikinsa zuwa sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya kore, ka'idar da masanin Girka Arkimidis ya bayyana tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Tukunyar da ba komai a cikinta, idan aka nutsa ta, tana korar ruwan da ya fi ta nauyi. Don haka da moɗa na riƙa zubawa, kaɗan-kaɗan, ina zagayawa, ina jira ya shige kafin in ƙara.

Daga nan na ja tabarma na zauna kallo. Da farko babu komai. Can sai wani duhu ya bayyana a gindin babbar tukunya daga waje, jar ƙasar ta koma kalar hanta. Layin duhun ya riƙa hawa, ba a miƙe ba, wani gefen ya riga wani, har ya kusa wuya. Babu wanda ya tura ruwan nan sama. Ruwa yana manne wa yashi da gasasshen yumɓu, ƙwayoyinsa kuma suna riƙe da juna, saboda haka a matsattsen tsagi yakan ja kansa ya hau, iya ƙanƙantar tsagin iya nisan da zai kai. Da tsakuwa na zuba, da ruwan ya kwanta a gindi ya bar sama a bushe. Na shafa bayan tukunyar, ba ɗiga take yi ba, danshi ne kawai mai sanyi. Uwargida ta zo wucewa da tire, ta tsaya ta dube ni ta dubi tukunya, ta ce, “Malam, wannan ai randa ce aka wahalar.”

Ba ta yi ƙarya ba, aikinsu ɗaya. A aji idan na tambayi yara yaushe ruwa ke zama tururi, baki ɗaya suke cewa idan ya tafasa. Sai in tambaye su wa ya dafa wankin da aka shanya a igiya. Tafasa tana da nata mataki, digiri 100 a bakin teku, a nan ƙasarmu da ke kan tudu kimanin 98, don iskar da ke danne ruwan ta ɗan fi sauƙi. Ƙafewa kuwa ba ta jiran wannan. Ko da wane irin zafi ƙwayoyin ruwa motsi suke yi, wasu a hankali wasu da gudu, masu gudun da ke fuskar ruwa sukan kuɓuce su shige iska. Da yake masu ƙarfin ne ke tafiya, abin da aka bari sai ya huce. Kowace lita guda da ta bi iska daga jikin babbar tukunya tana tafiya da zafin da ya kai kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), daga abin da take jingine da shi kuma take zarar sa: bangon tukunya, sai yashi, sai ƙaramar tukunya, sai tumatirin da ke ciki. Wanda ya taɓa yin alwalar asuba a hunturu ya fito iska ta buge shi, ya san wannan a fatarsa. Bambancin da ke tsakaninta da randa shi ne an raba ɗakin ruwa da ɗakin kaya, kaya na shan sanyi ba su jiƙe ba.

Sai da ta kwana kafin sanyin ya ratsa ciki. Na aro ma'aunin zafi daga makaranta. Da azahar a tsakiyar bazara, a inuwar rumfar yakan taɓa 40 har ya ɗan wuce, a cikin tukunya kuwa bai kai 30 ba. A takarda ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ka zura hannu ka ji. Ganye kuma ba sanyin kaɗai yake mora ba: iskar da ke cikin tukunyar cike take da laima, don haka ba ta tsotse ruwan jikinsa, shi ne yaushin da ke kashe alayyahu a waje.

Inna ba ta yarda da ma'aunina ba, tana da nata. Tana da kwalbar soyayyen man shanu da ta ajiye a ɗaki, wanda tun shigowar zafi ya koma ruwa tsululu. Ta ce, “Kai, saka wannan a ciki, gobe ma gani.” Da safe ta sa hannu ta ciro, ta karkata kwalbar, man ya ƙi zuba. Ya daskare tsaki-tsaki, da ɗan ruwa-ruwa a samansa. Man shanu yana narkewa ne a wajen digiri 32 zuwa 35, kuma ba lokaci guda yake juyawa ba, don cakuɗen kitse ne iri-iri, kowane da matakin da yake daskarewa. Ɗakin Inna ya haura wannan mataki, tukunya ta sauka ƙasa da shi, shi ke nan. Tun daga ranar ta mallake kusurwa guda, har goronta nan take sakawa cikin ganye.

An ruwaito cewa a gwajin Bah Abba gauta ta kai kwana 27 maimakon 3, alayyahu ya kai kwana 12 maimakon 1, tumatir da barkono suka yi mako 3 ko fiye. Nawa ba su kai can ba, ina ganin kuma bai kamata a sa wa mutane rai da waɗannan lambobin kamar dole ba, don abin ya danganta da yadda aka tsinko kayan da kuma yanayin gari. Tumatirin da aka tsinka da ɗan ɗanyensa, bai ƙuje ba, yakan haura mako lafiya lau. Wanda ya sha matsa a kwando babu tukunyar da za ta cece shi, ƙari ma zai ruɓar da na kusa da shi. Alayyahu yakan kai ni daga kasuwa zuwa kasuwa. Wannan kaɗai ya ishe ni, don na daina karyar da shi da yamma saboda tsoron gobe.

Azumin 2024 ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu, cikin tsananin zafi. Kullum bayan la'asar wani yaro yakan kawo ƙanƙara daga Dutse a babur, naɗe cikin buhu da dusar katako, mutane na rububi, kuɗinta na hawa. Na sayi gutsure na tafi da shi aji. Muka farfasa a kwano, muka tsoma ma'auni muna juyawa. Ya sauka sifiri ya tsaya. Ƙanƙara na narkewa, ruwa na ƙaruwa, ajin kamar tanda, amma ma'aunin ya ƙi motsi har sai da ɗan gutsuren ƙarshe ya ɓace, sannan ya fara hawa. Duk zafin da ke shiga kwanon yana tafiya ne wajen warware ƙwayoyin daga ɗaurin da suke ciki, ba wajen ɗumama su ba. Kilo guda na ƙanƙara yana shanye kilojul 334 kafin ya narke. Na rubuta wannan a allo kusa da 2,400 ɗin nan na ce su raba. Ya ba da bakwai da ɗoriya. Wato lita guda ta ruwan rijiya idan ta ƙafe, tana kwashe zafin da sai kilo 7 na ƙanƙara za su kwashe.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, to me ya sa ruwan randa bai kai na ƙanƙara sanyi ba?” Tambayar da ta fi darasin kenan. Da farko dai, babban kaso na zafin da ruwan ke kwashewa daga iskar waje yake fitowa, ba daga cikin tukunya ba. Sannan ƙafewa tana da iyakar da ba ta wucewa, iska ce kuma ke yanke ta. Na naɗa jiƙaƙƙiyar auduga a kan ma'aunin, na ɗaura zare na yi ta wulwula shi a iska. Ya gangaro ya tsaya a ashirin da 'yan kai. Idan zafi ya kai 40, laimar iska kuma kashi 15 cikin 100 ce, irin ta bazararmu kafin hadari ya fara haɗuwa, iyakar tana wajen digiri 21. Komai kyan ginin tukunya ba za ta sauka ƙasa da haka ba, a zahiri ma ba ta kaiwa. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya zo gani cewa kada ya saka ɗanyen nama ko kifi ya ce ya ajiye a firji. Alluran riga-kafi ma tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su, nan kuwa ko a mafarki.

Da damina ta kankama abin ya nuna kansa. A Agusta zafi kan tsaya wajen 30, laima ta kai kashi 80, iyakar nan sai ta hau zuwa 27. Iskar ta riga ta ƙoshi, ba ta da wurin karɓar wani ruwan. Bayan tukunyar ya zauna jagab, buhun ya ƙi bushewa ya fara wari, ciki da waje kusan ɗaya. Da safe nakan tarar da ɗigo-ɗigon ruwa a ƙasan murfi, tururin da ke iska ne ya taɓa wuri mai ɗan sanyi ya koma ruwa, irin wanda ake gani a bayan ledar fiya wata mai sanyi. Ruwa idan zai dawo haka kuwa, sakin zafin da ya ɗauka yake yi. Fumfuna ta fara kama tattasai.

Akwai abubuwa biyu da ban ji ana faɗa ba idan ana yabon wannan tukunya. Ɗaya zartsi ne. Rijiyar unguwarmu tana da ɗan zartsi, ruwa kuwa idan zai bi iska shi kaɗai yake tafiya, gishirin da ke narke a cikinsa a nan yake barin sa. Sannu a hankali wani farin gari ya fito a bayan tukunyar, ya fi yawa a wuya inda ƙafewa ta fi ƙarfi, na lasa na ji kanwa-kanwa. Idan aka bar shi yakan toshe ƙofofin, sanyi ya ragu. Sai an riƙa goge shi da soso da ruwa zalla, ban da sabulu, a kuma fitar da yashin a wanke lokaci-lokaci.

Ɗayan kuwa ruwan ne kansa. Ana cewa firjin da ba ya cin ko kwabo, amma yana ci. Safe da yamma sai an shayar da yashin an jiƙa buhu, ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi har da rana, kuma watannin da tukunyar ta fi aiki su ne watannin da rijiya ke yin ƙasa, guga ke fitowa da laka, layin famfon tuƙa-tuƙa ke kaiwa bakin masallaci. Moɗa biyu uku ba komai ba ne ga wanda ba shi ke ɗebowa ba. A gidanmu mun daidaita a kan ruwan ɗaurayar kayan miya, shi ake tarawa a zuba, ban da na wanke-wanke mai maiƙo da sabulu. Albasa da busasshen barkono da hatsi kuma ba a kusantar da su, bushewa suke so.

Kafin Agusta ya fita muka juye yashin muka shanya, muka wanke tukwanen muka kife su a zaure, ba mu sake haɗawa ba sai da iskar hunturu ta fara busowa a Nuwamba. Maƙwabcina da ke sayar da kayan miya a kasuwar Shuwarin ya je wurin Baba ya ce a gina masa irinta. Tasa ta fi tawa: Baba ya yi ta gajera mai faɗin baki, yadda hannu zai kai gindi ba sai an danne tumatirin sama ba. Ya kuma ƙara masa kuɗi a kan abin da na biya, ya ce ƙaiƙayi ya yi tsada.